Misalin rijiyar da ta ƙafe

A shekarar da sojoji suka karɓi mulki, damina ba ta yi kirki ba. Ina aiki a wani ɗan biro, wato ofis, a Agadez, muna bin rijiyoyin makiyaya don a san inda za a tura motar ruwa. Ni nake zuwa daji. Makiyayi ya zura igiya, ya ce mini gaba kaza kafin a taɓa ruwa, in rubuta.

Wadda ta rubuta lojisiyel, wato manhajar da ke mayar da gaba zuwa metir, tsohuwar malamar lissafi ce, 'yar Timia. Yaya nake ce mata. A ƙarƙashin kowane bayani na lojisiyel ɗin takan sa misalai: in an ba shi wannan, ga amsar da zai bayar. Na ɗauka don mai karatu ta yi su.

"Har da injin," ta ce. "In ka ba da umarnin gwaji, shi ma karanta su yake, ya gwada ɗaya bayan ɗaya. In bayanina ya zama ƙarya, zai faɗa."

Da kuɗin waje suka tsaya, aka rage ma'aikata, ta koma gida. Aka bar mini ordinater, na'urar da lojisiyel ɗin ke ciki.

Wata rana na dawo daga Aderbissinat da awo mai rabin gaba, lojisiyel ya ƙi karɓa. Na yini ina lalube, kuran na lantarki na zuwa yana tafiya, har na gyara. Ban so yin gwajin ba, don na gaji, amma na yi. Misalai duk suka wuce, ban da ɗaya. A bayanin ta rubuta cewa rijiyar da ta ƙafe ba ta da awo, amsarta "babu ruwa". Gyarana ya mayar da amsar ta zama sifiri, wato ruwa har baki. Rijiyoyi uku ƙafaffu ne a takardata ranar, kuma da ba wadda mota za ta je wa.

Na kira ta na faɗa mata.

"Ka gyara?"

"Na gyara, Yaya."

"To, rabin gabar nan taka, ka rubuta mata misalinta."

Na rubuta kafin in tashi. Da jibi motar ta kama hanyar Aderbissinat.