Kunnen Gerlof Wiersma

Shekara arba'in da huɗu Gerlof Wiersma ya yi yana saita sautin fiyano, abin kiɗan nan mai maɓallai, a garin Leeuwarden da ƙauyukan da ke kewaye, kuma a duk tsawon wannan lokaci bai taɓa yin kuskure ba. Shi ya faɗa, kuma ba a yi masa musu, domin mai yin musu da shi sai ya tanadi yini guda. A hannun mahaifinsa ya koyi aikin. Kayan aikinsa sifana ɗaya ce da ɗan ƙarfe mai baki biyu da yake bugawa a gwiwa ya kara a kunne. Masu saita fiyano da na'urar cikin wayar salula kuwa, a wurinsa ba su da maraba da masu gyaran famfo.

Kullum da safe yakan ɗaure jakarsa a bayan keke, da burodi da cuku a aljihun kwat, ya shiga iska da yayyafi. A kowane gida sai an ba shi kofi da biskit guda ɗaya, ya sha, ya gaya wa masu gidan cewa 'yarsu ba ta da baiwa, sannan ya fara aiki.

Sai dai shekara biyu ke nan matarsa Aukje tana cewa ba ya jin ƙararrawar ƙofa. Ya ce ƙararrawar ce ta tsufa. Ta ce talabijin ɗinsu har maƙwabta suna bin labarai da shi. Ya ce ita ce ta koyi magana ciki-ciki. Gidaje uku suka daina kiransa, ya ce dama ba su da kunne. A zuciyarsa kuwa tsoro yake ji ƙwarai, don in kunnen ya tafi bai san ko shi wane ne ba.

Ana haka aka kira shi wata tsohuwar majami'a da aka mayar zauren kiɗa. Makaɗa huɗu za su yi wasa ranar Lahadi da rana: mai fiyano, mai goge, mai babban goge da mai sarewa. Wadda ta tsara kiɗan, wata matashiya Marit Oosterhuis, ta tare shi da littafi a hannu. Ta ce kiɗan ya fito ne daga labaran wata marubuciya da ta rasu, mai ƙaga duniyoyin da babu su. A wannan littafin, wai ruwan sama daga ƙasa yake tashi ya hau sama. Gerlof ya dubi kwat ɗinsa da ya jiƙe sharkaf, ya ce lalle marubuciyar ba ta taɓa zuwa garin nan ba.

Marit ta miƙa masa takarda cike da lambobi. So take ya karkatar da wayoyin fiyanon na sama, masu siririn sauti, kowace ta kauce daga daidai kaɗan, don mai sauraro ya ji kamar ba a duniyarmu yake ba. Wato an kira mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyara, an ce ya ɓata, kuma a bisa tsari.

Ya ce to. Tana fita ya ninke takardar ya tura aljihu kusa da burodin. Ya ƙudura zai saita fiyanon daidai yadda mahaifinsa ya koya masa, yarinyar ta ji abin da ake kira kiɗa ko sau ɗaya a rayuwarta. Awa uku ya yi a sunkuye, ko kofi bai nema ba. Da ya gama ya bi maɓallan daga ƙasa har sama, ya ji komai tsaf, bai taɓa yin aiki mai kyau kamar wannan ba.

Marit ta dawo ta zauna ta fara taɓa maɓallan sama. Ya harɗe hannu yana jiran faɗa, har ya shirya amsarsa. Sai ya ga idonta ya kawo ruwa.

“Malam Wiersma, ai ka wuce abin da na rubuta. Wannan shi ne sautin da nake ji a kaina na kasa sa shi a takarda.”

Ya ce ta daina yi masa ba'a, ya haife ta.

Ta ciro wayarta ta ɗora a kan fiyanon, tana buga maɓalli ɗaya bayan ɗaya tana nuna masa. Ƙasa da tsakiya lafiya lau. Daga nan allurar da ke auna sauti a fuskar wayar ta fara kaucewa, kuma duk maɓallin da ta hau sai kaucewar ta ƙaru. Shi kuwa yana tsaye yana jin kowane ɗaya daidai. Ya dafa murfin fiyanon.

Marit ba ta lura ba, murna ta ɗauke ta. Ta ce za ta sa sunansa a takardar shirin, makaɗan ma za su so su gaishe shi. Ta ce mako mai zuwa suna da wasa a garin Groningen, kuma tana tsoron ba za a samu wanda zai maimaita wannan ba.

“Za ka iya sake yin sa haka, daidai-wa-daida?”

Gerlof ya sa sifanarsa a jaka, ya ɗauki lokaci yana ɗaure ta.

“Zan iya,” ya ce. “Ashe haka nake yi wa kowa.”