Ruwan Assu da Addi

Assu ya kai shekara sittin da takwas bai taɓa kallon gonarsa ita kaɗai ba. In dabinonsa ya yi 'ya'ya, sai ya miƙa wuya ta kan katanga ya duba na maƙwabcinsa Addi tukuna, kafin ya san ko zai yi murna. Tare suka tashi a ƙauyensu na kwarin kogin Ziz, rana ɗaya aka yi musu kaciya, kuma tun daga nan suke gwada tsawo.

Magudana ɗaya ke kawo wa ƙauyen ruwa. Da tasar tagulla mai huda ake raba shi: a ɗora ta a kan ruwan bokiti, in ta cika ta nutse, lokacin ban ruwan wannan ya ƙare, na wancan ya kama. A al'adar ƙauyen, wanda ya fi kowa girbin dabino shi ke riƙe tasar, kuma shekara ashirin tana hannun Assu. Bai taɓa cutar kowa ba, wannan kam a ba shi. Amma yana son tasar nan kamar ransa.

Sai dattawa suka kawo shawarar a shafe magudanar da siminti, don ƙasa tana shanye ruwan a hanya. Kowa zai ƙaru. Assu, da ke kusa da bakin ruwa, zai ƙaru kaɗan. Addi, da rabin gonarsa ke can ƙurya inda ruwan ke isa a gajiye, nasa zai ninka. Ta cikin gonar Assu magudanar ta ratsa, aikin ba zai yiwu ba sai da yardarsa. Shekara uku yana cewa zai yi tunani.

'Yarsa Tuda, mai koyar da hulɗar ƙasashe a birnin Fas, ta zo hutu ta tarar da rigimar. Suna shan shayi ta ce masa ƙasashe ma haka suke: wasu su tambayi abin da suka samu, wasu kuma ba sa barci sai sun san wa ya fi su samu.

"To, na biyun nan su ne masu hankali," in ji Assu. "Wanda ya fi ki yau, gobe shi zai ce ki yi shiru a taro."

"Gaskiya ne, Baba. Amma ka duba bishiyoyin da kakana ya shuka kuwa?"

Ya duba, tun kafin ta faɗa. Fari ya shiga shekara ta biyu, ganyen tsofaffin bishiyoyin ya fara rawaya, kuma ɗan ƙarin nan da yake rainawa shi ne zai tsirar da su. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ranar Juma'a bayan an idar da salla ya ce ya yarda, fuskarsa a murtuke.

Bishiyoyin suka farfaɗo. Kaka biyu bayan haka Addi ya fi shi girbi nesa ba kusa ba, Assu ya kai masa tasar da hannunsa.

Yanzu da hantsi za ka same shi a inuwar dabinon mahaifinsa, da gurasar sha'ir da man zaitun, jikoki na hawa masa baya. Ya yi ƙiba, har dariya yake yi. Hanyar masallaci kawai ya canza. Yana zagayawa ta bayan maƙera, tafiya mai nisa ga tsoho mai ciwon gwiwa, don kada ya bi ta gaban gonar Addi.