Baƙon da Muka Ɗumama wa Ɗaki

Da mun bar ɗakin da sanyinsa ranar da ma'aikacin birni ya zo, da ciwon ƙirjin mijina Alhaji ya kai haka? Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare. Amma tambayar ta ƙi barina, kuma duk lokacin da na yi ta sai na yi hawaye. 'Yata ce ke rubuta wannan, ni ban yi karatu ba.

A wani dogon gini muke haya a titin Grand Concourse, a nan ƙasar Turawa. A ƙofar shiga an manna takarda mai babban harafi ɗaya. Maƙwabciyata, 'yar Kumasi, ta ce maki ne da hukumar birni ke ba gini kan yadda yake cin wuta da mai, kuma namu yana can ƙasa. Mai ginin ya so makin ya hau. Maimakon ya gyara tagogin da iska ke shigowa ta cikinsu, sai ya rage wutar injin ɗumama ginin. Alhaji ya yini tsaye a teburinsa na sayar da huluna a unguwar Harlem, ya dawo ya tarar da gida kamar waje. Tari ya kama shi.

Ita maƙwabciyar ce ta gaya mana doka ta wajabta wa mai gini ya ba 'yan haya ɗumi da ruwan zafi duk watannin sanyi, ba alfarma yake mana ba. Ta kai ƙara wurin hukumar da yawunmu.

Ranar da ma'aikacin ya zo, daga benen sama ya fara, labari ya riga shi isowa. Alhaji ya ce baƙo ba zai shigo mana cikin wannan sanyi ba, abin kunya ne. Na kunna obin ɗin gashi, na jona hita mai ɗumama ɗaki, na ɗora ruwan shayi. Mutumin ya shigo, ya fito da na'urarsa ta auna sanyi, ya dube ta, ya dube mu. Ya ce abin da ta nuna shi zai rubuta, ga shi ɗakin ya riga ya yi ɗumi. Aka rufe ƙarar.

Maƙwabciyata ta riƙe haɓa. "Hajiya, ku kira mutum ya ga sanyi, ku kuma ɓoye masa sanyin?"

Alhaji ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Kafin sanyin shekarar ya wuce aka kwantar da shi asibiti, bai dawo ba.

A ɗakin nan na yi takaba, cikin barguna. 'Yata tana so in koma wurinta a unguwar Parkchester. Na ce mata sai an gyara ɗumin ginin, don akwai masu jarirai a ginin, kuma haƙƙinmu ne. Mun sake kai ƙara. Yanzu da rana ba na kunna komai, ina zaune da rigar sanyin Alhaji ina jiran a ƙwanƙwasa ƙofa. In sun rufe wannan ma, zan kai wata.

Ranar da na yi wa Alhaji ganin ƙarshe a asibiti, ya kama hannuna, muryarsa da ƙyar take fita.

"Hajiya, ki sake kiran ma'aikacin nan. Shayin ma ki bari sai ya gama aunawa."