Farar Albasa a Garkar Hamani

Hamani ya tona albasar farko da hantsi, ya goge ƙasar da babban yatsa, sai ya ga bayanta fari. Ya tona ta kusa da ita: ja mai sirkin shuni, yadda ya san ta. Ta uku kuma fara. Ya zauna a bakin fangali, injin ban ruwa yana ta kuka bai kashe shi ba.

Mai iri ne shi, a wani ƙauye gabas da Galmi. Tun yana bin mahaifinsa Tanimun garka ya koyi zaɓen uwar albasa, a adana ta a rudu, rumbun albasa, a sake dasa ta har ta yi fure ta ba da 'ya'ya. Bai taɓa zuwa ci-rani ba. Da aka yi wa sunan albasar Galmi rajista, don kada kowane ɗan kasuwa ya cika buhu da abin da ya samu ya kira shi da sunan, koperatif ɗin ƙauyen, wato ƙungiyar manomansu, ya zaɓi irin Hamani ya zama na kowa. In masu dubawa suka ce irinsa ya gurɓace, buhunan ƙauyen ba za su sami tambarin Galmi ba.

Bai daɗe yana tunani ba ya gane inda abin ya fito. A garinsu ba a hana maƙwabci iri, kuma wanda ya ara yakan mayar, a juye a gora ɗaya ba tare da an duba ba, domin dubawa zargi ne. Bara Zakariya'u, abokinsa na yarinta mai garkar da ke jikin tasa, ya dawo daga Abijan ya mayar masa da aro har da ƙari. Ashe irin gwangwani ne ya sayo a kanti, yana ganin karramawa ya yi.

Matarsa Balki ta ce ya jefa fararen a miya ya yi shiru, tunda masu dubawa ba za su leƙa tukunyarta ba. Ya yi dariya kaɗan, amma ya ce ba fararen ke damunsa ba. Zakariya'u ya ware tasa albasar gwangwanin zai dasa ta yi fure, kuma ƙudan zuma ba su san iyakar garka ba. In furen biyu suka tashi tare, irin Tanimun ya tafi ke nan.

Ya sami Zakariya'u yana yankan lawashi. Suka gaisa har kan gajiya da iyali, sannan ya ajiye farar albasar a gabansa.

"To, mi ta yi maka? Ta fi taka girma," in ji Zakariya'u.

"Ta fi. Ka sayar, ka ci, ka ba surukanka. Fure kawai nake roƙon kada ta yi."

"Wato irin da na kawo maka najasa ne."

"Aboki, ni na juye shi da hannuna. Amma daga bana duk wanda ya mayar mini da iri, gora dabam. Ko kai ne, ko liman."

Zakariya'u ya ce ubanninsu ba su taɓa raba gora ba, kuma takardar birni ba za ta koya musu zumunci ba. Hamani ya ce a zamanin ubanninsu ba a sayar da iri a gwangwani. Suka rabu ba sallama. A masallaci mutane suka riƙa cewa mai iri ya fara girman kai, wasu ma suka daina tsayawa a rumfarsa.

Bai janye ba. Shi da Balki suka baje girbin duka a inuwa suna juya kowace albasa, fara a gefe, mai shakka ma a gefe, har abin da ya rage na dashe bai cika rabin rudu ba. Ya je wurin Hamdiyya, shugabar koperatif, ya gaya mata komai kafin wani ya gaya mata. Sannan ya ɗebi mafi kyau cikin ɗan abin da ya tsira ya kai ƙofar Zakariya'u ya ajiye.

Lokacin dashe ya yi, Hamani ya leƙa ta kan darni. Jajaye ne a fangalin Zakariya'u. Har yau dai gaisuwarsu gajeriya ce.

Masu dubawa sun zo, sun zaga garkunan biyu, sun ɗebi albasa da iri sun tafi da su, suka ce za a sanar da koperatif. Furen ya tashi fari fat kamar yadda na kowace albasa yake, zuma na ta kai da kawowa. Kullum in Hamani ya dawo garka yakan biya ta gidan Hamdiyya ya tambaya. Amsa ba ta zo ba tukuna.