Masussukar Tungar Gawo

Mamman Na-Gwanja ya zuba tubali a kan masussukarmu, bai kuma tambayi kowa ba. Bafataken goro ne, ya sayi gidan da ke gabas da mu, ya ga fili a share tas, ya ce zai ja katanga ya yi wa jakunansa turke. A filin nan matan unguwarmu ke sussuka da shiƙa tun kafin a haife ni, domin nan kaɗai iska ta rage mana. Ko'ina katanga ta tare. Wadda ta yi shiƙa a tsakar gida, ƙaiƙayi ita da 'ya'yanta har dare.

Mazanmu sun ga tubalin, suka ce maƙwabci ne, a yi masa kara. Ni ban yi karatu ba sai da furfura ta fito mini, wajen jajin 'yan taru, malamar da ke koyar da mata addini, amma ban ci karo da inda aka ce kara ta hana faɗin gaskiya ba. Da yammacin nan na zauna ina huci, sai kakata Tumba ta faɗo mini a rai.

Lokacin sanyi, bayan sallar isha'i, takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta ɗauko mazari da auduga, mu jikoki mu kewaye ta. A Tungar Gawo aka haife ta, ƙauye ne mai gonakin gero, ana hango Sakkwato daga nesa. Tana goyon babanmu aka faɗaɗa ganuwa, mutane suka yi ta kwararowa daga Gobir da Zamfara da Kabi, har aka wayi gari tungar ta zama unguwa a cikin birni. Takan ce, "Ni ban taho birni ba, birni yat taho ya ishe ni ina daka."

In za ta fara, sai ta lashi yatsa ta murza zare ta ce, "Ga ta nan ta iso, ku ba ta wuri." Mu ce, "Ta zauna, mu sha labari."

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta kurciya. Kurciya na da sheƙa a ƙololuwar wata tsamiya, ita kaɗai. Ran nan balbela ta sauka a gajiye, ta yi sallama. Kurciya ta amsa, ta matsa reshen ƙasa don baƙuwa ta miƙe ƙafa. Kashegari balbela ta kirawo 'yan uwanta, kurciya ta ƙara matsawa. Kullum sai an gaishe ta da kyau, kullum sai ta sauka reshe guda, har ta iske kanta a gindin bishiya, ƙwanta a kan turɓaya. Da ta kai kuka wurin tsamiya, tsamiya ta tara balbelu. Suka ce, wallahi ba su san da mai wuri ba, sun ga reshe babu kowa ne suka hau.

Mu yara mukan hau zagin balbela. Kaka sai ta ɗaga mazari ta ce, "Kai, ku yi kurum! Mi balbela ta yi? Wa yak kore kurciya? Ita ta yi ta matsawa awa an aike ta." Ni ce mai gardama, na ce ai baƙo ya kamata ya tambaya. Ta ce, "Ke Hausi, bakinki kamar aska. Baƙo duba shikai da ido. Abin da ba a hwaɗa mai ba, ina shi ka ganinai?"

Na girma ina ɗauka kurciya aka zalunta. Sai da na ga tubalin nan na gane abin da tsohuwa ke nufi. A ƙauye kowa ya san filin da aka share na sussuka ne, ba ya bukatar shinge. Mutumin birni kuwa, abin da ba katanga a kansa, ba shi da mai shi. Haka makiyaya ta tafi, haka hanyar rafi ta tafi, ba wanda ya ƙwace, mu ne ba mu yi magana ba.

Da gari ya waye na ɗauki mayafina, na biya na tashi Inna Kulu da Ta-Allah, tsofaffin da suka rage cikin 'yan tunga. Muka tsaya a ƙofar zauren Mamman, na yi sallama da ƙarfi. Da ya fito yana gyara rawani, na ce, "Malam, ina kwana. Filin da ka zuba wa tubali yana da masu shi, ga mu."