Rijiyar da Muka Haƙa a Inkil

Ko tsufa ya cinye mini hankali, ranar da rijiya ta rufta da ni a Inkil ba za ta fita daga raina ba.

Lokacin ina sana'ar haƙar rijiya tare da wani dattijo Kirista daga kudancin Bauchi, ina ce masa Baba. Ni kuwa Musulmi ne a baki kawai. Sallah sai na ga dama, abin da na dogara da shi wani guru ne da boka ya ɗaura mini a ƙugu, ya ce ƙasa ba za ta taɓa cin mai shi ba.

Damina ce, an kwana ana ruwa. Baba ya leƙa ramin ya ce, "Yaro, ƙasar nan ta jiƙa. Mu bari sai an zuba kankare."

Na yi dariya, na bugi ƙuguna. "Baba, tsoro na tsofaffi ne."

Na sauka. Ban daɗe da fara sara ba gefe ɗaya ya zubo, ya binne ni har ƙirji. Numfashi ya gagara. Sai ga Baba yana saukowa da igiya, mutane suna hana shi. Ya durƙusa yana tone ni da hannu, ni kuma ina ta laluben ƙuguna.

"Bar laluben nan," in ji shi. "Kira Allahnka, ni ma ina kiran sa."

Na kira shi, kiran da ban taɓa yi ba.

Igiya ɗaya ce. Baba ya kwance ta daga jikinsa, ya ɗaura mini, ya ce a ja. Ina isa bakin rijiya na ji ƙarar ruftawa a ƙasana. Sai bayan la'asar aka fito da gawarsa.

Da na je ta'aziyya na kasa ɗaga kai. Matarsa ta ce, "Ɗana, ba kai ka kira shi ba, Mai shi ne ya kira."

Girman kaina ne ya jawo, har gobe ina neman gafara. A da na ɗauka imani shi ne a ba ka tabbacin ba abin da zai same ka. Baba ba shi da wannan tabbacin. Ya ga ƙasar, ya san halinta fiye da ni, amma ya miƙa ransa ga Allah ya sauka. Daga gare shi na koyi abin da ake nufi da imani.