Gurbin Baffa Isiyaku a Maƙabartar da Ya Zana

Direban motar shanu ne ya kawo labarin. Ya tsaya a ƙofar gidanmu a Zangon Sokode, ko injin bai kashe ba, ya ce wa mahaifina, "Alhaji, sai haƙuri. Ƙaninka Isiyaku ya rasu a Dapaong. Mutanen can za su jira ku zuwa azahar ɗin gobe." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ana tsakiyar yajin aiki, waya ta mutu, mai ya yi wuya, hanyar arewa kuwa shinge bayan shinge.

Baffa Isiyaku mai zanen gine-gine ne, aikin wata makaranta ya kai shi can. Shi ya tsara maƙabartar gidanmu. Ya kewaye ta da gajeriyar katanga ta bulo mai huji, ya fitar da 'yan hanyoyi tsakanin layuka don kada ƙafa ta taka kabari, ya yi magudanar kankare saboda ruwan damina da ya saba zaizaye mana kaburbura. Amma bai yarda siminti ya taɓa kabari ba. Yakan ce, "Siminti na masu rai ne, mamaci ƙasarsa yake so."

Mahaifina ya fi kowa faɗa. "Wannan maƙabarta ce ko lambun Faransawa? Kowa ya wuce sai ya leƙi iyayenmu!" Baffa ya yi murmushi ya ce, "Yaya, wanda ya leƙa ai zai yi musu addu'a." Sun daɗe ba su ci kwano ɗaya ba.

Sai ga shi mahaifin nawa ne ya dage sai an kawo gawar. Liman ya ce gawa ba ta jira, mahaifina ya amsa, "Malam, shi ya gina, shi kuma zai kwanta a waje?" Muka samo mai a jarka muka kama hanya. Gaba da garin Kara masu bindiga suka sauke mu, suka zaunar da mu a rana. Mahaifina, mutumin da ban taɓa ganin ya roƙi kowa ba, ya tuɓe hularsa yana magiya. Zuciyata ta karye. Aka juyo da mu, azahar ta riske mu a hanya.

Da muka iso mahaifina bai shiga gida ba. Ya wuce maƙabarta, ya tsaya gefen kabarin mahaifiyarsu, wurin da ya daɗe da zaɓa wa kansa, ya ce, "Nan na Isiyaku ne. Ko ni na mutu, kada a haƙa shi."

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya haskaka kabarinsa a can cikin baƙi, Ya saka wa waɗanda suka sallace shi. Allah Ya raya 'ya'yansa, Ya sanyaya zuciyar yayansa. Amin.